Igiyar Hawa na Shida

Yangon, farkon damina

Zuwa ga Inna Sein Pu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata gwiwoyin nan sun fara sakin ki, kuma zafin Pakokku bai hana ki barci ba. Ni da Thiri muna lafiya, sai ɗan tari da ta kwaso a makaranta, shi ma ya yi sauƙi. Ɗakin da kika bar mana yana yoyo ta kusurwar murhu, na tara kwano.

Inna, ke da mahaifiyata kaka kawai kuka haɗa. Ba dolenki ba ne ki kira ni daga Bogale bayan rasuwar mijina, ki damƙa mini kwandonki da layin da kika yi shekara talatin kina bi. Shi ya sa wannan maganar take mini nauyi. Layin yana neman zame mini.

Ba daga waken ba ne. Ina jiƙa shi, in rufe da jiƙaƙƙen buhu har ya fito da ɗan tsiro, in dafa da 'yar kanwa, gishiri sai a ƙarshe, kamar yadda kika nuna mini. Mai shayin nan Ko Myint ya ɗanɗana da shinkafar kwana da man gyaɗa, ya ce da ido rufe ba zai bambance da naki ba. Murya ce matsalar. Idan na yi kiran dafaffen waken na ce "Pe-byok!" mutanen hawa na ɗaya suna ji, na hawa na biyu sai in sun kashe rediyo. Daga nan zuwa sama kuwa ba wanda ya san na wuce. Ina tafe ina ɗaga kai, barandu a rufe, ba mai sako igiya da jakarsa. Rabin kwandon nake dawowa da shi, har Thiri ta ce ta fara mafarkin wake.

Igiya ɗaya ce ba ta ba ni wahala, ta tsohon nan U Po Lwin na hawa na shida, tunda kullum a sake take. Ina ɗaura masa ƙunshinsa a ganyen ayaba, in ja igiyar, ƙararrawar da ke ɗaure da ita ta kaɗa a sama, in wuce.

Akwai wani mai keke, shi ma mai tallar wake, daga unguwar bayan kasuwa da ya fara tsayawa a bakin layin. Bai shigo ba tukuna, amma makogwaronsa kamar na jirgin ruwa. Na yi wani tunani, kar ki yi dariya. Ɗanki yana da rediyo mai kaset. Da za ki ɗauki kiranki ki aiko mini, in riƙa sa wa a kan kwando?

Taki mai biyayya,
Nwe

Pakokku

Nwe 'yata,

Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwoyi suna nan da halinsu, likita ya ce kwando ya riga ya cinye su, in manta da hawan titi. Ki dafa wa Thiri citta da zuma. Yoyon kuma ki gaya wa mai gida, in ya ce gobe ki ce masa ni na aiko ki.

Kin ce kar in yi dariya, to na yi, har surukata ta leƙo. Kaset! Mutane su leƙo daga baranda su ga akwati yana ihu a kan mace, ita kuma ta yi shiru kamar an aiko ta gidan makoki?

Ke ba murya kika rasa ba. Ranar da Thiri ta ɓarar da man gyaɗa ina tsaye, har mai wanki na ƙarshen lungu ya ji ki. Kunya ce take cin ki. Kina kira kina kallon yatsun ƙafarki, to yatsun ne za su sayi wake? Ɗaga haɓa, ki zaɓi barandar da ta fi kowace nisa, ki yi da ita. "Pe" ɗin ki ja shi daga ciki, ki bar shi ya hau, "byok" ɗin ki sake shi ya faɗo. Ni ma ranar da na fara, wata mata ta leƙo ta tambaye ni ko ciwon ciki nake yi. Daga baya ita ce ta fi kowa saye har ta bar duniya.

Mai keke ba zai shigo ba muddin igiyoyi suna sauka, haka ake yi a tsakaninmu masu talla. Amma in ya ga kina fitowa da kwando cike, ba wanda zai ga laifinsa.

Babu kaset. Ki gaishe mini da Ko Myint, ki ce masa har yanzu ban yafe ruwan da yake ƙara wa madara ba.

Innarki,
Sein Pu

Yangon

Inna,

Ina gaisuwa, ina fata kina samun sauƙi. Mu lafiya.

Na ɗaga haɓar. Na zaɓi baranda. Abin da ya fito daga bakina sai da karen Ko Myint ya tashi ya canza wurin kwanciya. Mai keke ya shigo, benen kusurwa gaba ɗaya ya koma nasa, har matar da take sayen ƙunshi uku. Ko kallona bai yi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. In damina ta ƙare a haka, sai dai in cire Thiri daga makaranta mu koma Bogale dashen shinkafa a gonar mutane. Yarinyar ta fara karanta mini allunan shaguna a hanya, ba na son in katse mata. Na san kin ce babu. Ina sake roƙo, ko na ɗan lokaci ne, har layin ya saba da fuskata.

Nwe

Pakokku, bayan janyewar ruwa

Nwe,

Muna lafiya, sai dai kogi ya cika ya shiga unguwar gidan waya, takardarki ta daɗe kafin ta iso, tana warin laka. Na san kina can kina cewa Inna ta yi fushi. Fushin na yi na kwana ɗaya, sai na tuna da Thiri da allunan shagunanta.

Ga kaset nan na ba direban motar dare. Ki san irin wahalar da kika sa ni. Ɗana ya ajiye rediyon a kan turmi, na tsaya a tsakar gida na riƙe sanda, ya danna ya ce in yi. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Ashe ban iya kira ba sai da nauyi a kai. Sai da aka ɗora mini gammo da kwandon albasa. Da na saki ɗaya kuwa, kafin in yi na uku maƙwabta biyu sun iso ƙofa da kwanoninsu. Wata ta ce, "Daw Sein Pu, ina waken?" Na ce, "Yana Yangon, ki hau mota."

Na yi kuka bayan sun tafi, ban san na yi kewar abin haka ba.

Aro na ba ki, ba kyauta ba. Ki riƙa yin naki a bayan nawa har ki tsaya da ƙafarki. Ki sayi batir mai kyau, kar muryata ta riƙa ja kamar ta mashayi a gaban mutanen da suka san ni.

Sein Pu

Yangon

Inna mai daraja,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina fata ruwan bai taɓa muku kaya ba. Thiri tana gaishe ki.

Inna, da kin gani! Na ari ƙaramin rediyo wurin Ko Myint, na cusa shi a gefen kwando na rufe da tsumma. Ina dannawa, barandu suka fara buɗewa tun daga ƙasa har sama, igiyoyi suna sauka kamar ana shanya. Waɗansu sun leƙo suna "Daw Sein Pu ta dawo!" Da suka gan ni sai dariya, amma sun saya. Matar ƙunshi uku ta ce, "Ke 'yar nan, kin sa tsohuwa a akwati?" Ta saya ita ma. Tun kafin sufayen gidan ibada su gama zagayen safe na karɓar sadakar abinci kwandon ya ƙare. Mai keke ya koma bakin layi. Kullum haka ake yi yanzu, ni dai tafiya kawai nake, ke kina kira.

Na rubuta na saman nan tun makon jiya, ban samu zuwa gidan waya ba. Yanzu abubuwa sun canza. Na daina sa kaset ɗin. U Po Lwin ya jiyo muryarki, abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi yau ba. An kwance igiyarsa daga baranda, ba sauran ɗaura ƙunshi a can. Laifina ne, ki yafe mini. Zan rubuto in na natsu.

Nwe

Pakokku

Nwe,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ina nan dai da rai.

Na karanta takardarki na ajiye, na sake ɗauka. A layin nan ba a kwance igiya sai gida ya tashi ko mai ita ya tafi, shi kuwa ba inda zai tashi ya je. Washegari na sa surukata ta dafa shinkafa da kifi, na dafa pe-byok da hannuna a zaune, aka kai ni gidan sufaye a keken haya. Na miƙa abincin da sunansa, na ɗiga ruwa na raba masa lada kamar yadda ake yi wa mamaci. Abin da zan iya ke nan daga nan.

Akwai abin da ban gaya miki ba, domin ban ɗauke shi cikin aikin talla ba. Tun da matarsa ta rasu ƙafafunsa suka ƙi matakala, idonsa kuma ya dushe, sai 'yar ƙanwarsa da take leƙo shi ranar hutu. Kullum in na ɗaura masa ƙunshi na yi kira a ƙarƙashin benen, sai in tsaya. Idan ya janye igiyar, sai ya kaɗa ƙararrawar da hannunsa. Ni kuma in mayar masa da guntun kira, "Byok!" kawai, ba na kowa ba, nasa. Yana cewa ya kwana lafiya, ina cewa na ji. Ranar da ban ji ƙararrawa ba, sai in tura Ko Myint ya hau ya duba. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa ganin fuskarsa kusa ba, hannu kawai nake hangowa da farin kai. Ranar da zan taho na tsaya a ƙasa na yi masa ihu cewa na tafi, ya daɗe yana kaɗa ƙararrawar nan.

Yanzu ki duba abin da muka yi. Ya ji muryata, ya ɗauka na dawo. Na san ya kaɗa. Murya ta wuce shi tana ta kiran wake, ba ta amsa ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Da wannan ya tafi, yana ganin na ji shi na share.

Haushinki nake ji, ba zan yi miki ƙarya ba, amma bakina ne a kaset ɗin, ba wanda ya matse ni. Ki rubuto ki gaya mini yadda aka yi, ko ya sha wahala, da wanda yake kusa da shi. Kar ki rage mini komai don tausayi.

Sein Pu

Yangon, daf da bikin fitilu

Inna! Inna!

Gaisuwa daga baya. U Po Lwin yana da rai! Yanzu haka yana zaune a kujerar Ko Myint yana faɗa da shi a kan madara. Da na karanta takardarki sai da na zauna a ƙasa. Ni da rubutuna na rabi da rabi na sa ki makokin mai rai. Ki yafe mini wannan ma. Muna lafiya dukkanmu, ga yadda aka yi.

Duk abin da kika zata haka ne, sai ƙarshen. Ya ji muryarki ya kaɗa, ba amsa. Ni ina jin ƙararrawa a bayana, na ɗauka iska ce ko jan igiya. Ya yi haka har ya gaji. Bai ɗauka kin share shi ba, cewa ya yi ciwon da ya kai ki gida ya taɓa miki kunne, kuma ba wanda ya gaya miki yana nan. Sai ya yanke shawarar ya sauko ya nuna miki kansa.

A zaune ya sauko, Inna. Matakala ɗaya bayan ɗaya, yana jan jiki, tun kafin gari ya waye. Ya sa farar rigarsa ta zuwa wurin ibada, ya taje kai. Ina isowa ƙofar benen da kaset yana ta kira, sai na ga tsoho a matakalar ƙarshe, zaninsa duk ƙura, yana haki. Ya ɗago ya ce, "Sein Pu?" Na sa hannu na kashe rediyon. Ya juya wajen da muryar ta ɗauke, sai ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, ya kife a gabana goshinsa ya bugi dakali.

Ban san lokacin da na ajiye kwandon ba. Shagon Ko Myint a buɗe amma ba ya ciki, titi ba kowa. Na ɗaga kai na kurma ihu, "Jama'a ku sauko! U Po Lwin ya faɗi!" Inna, barandun nan har na benen da ke kallonmu sai da suka buɗe. Tattabaru suka tashi daga wayoyin lantarki. Maza suka sauko suna ɗaure zani a guje.

Aka tallafe shi, aka goge jinin, ashe ƙaramin rauni ne. Yana buɗe ido ya ce, "Wace ce ta yi wannan ihun?" Aka nuna ni. Ya ce, "Ke ce mai raɗa a ƙarƙashin barandata tun farkon damina?" Na ce ni ce, Baba. Ya ce, "To kina da wannan a ciki kike mana rowa? Har kika sa tsoho ya share matakala da gindinsa?" Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa kuka nake. Daren ranar na rubuta miki waccan takardar.

Da aka zo mayar da shi sama ya ƙi. Ya ce, "Wanda ya ɗauke ni sai na cije shi. Na sha wuya kafin in sauko, ba zan koma in zauna da tattabaru ba." Ko Myint ya kwashe buhunan gawayi daga ɗakin bayan shago aka sa masa gado. 'Yar ƙanwarsa ta zo ta yi ta faɗa, daga baya ta ba da na saman haya. Igiyar kuwa tun ranar faɗuwar aka kwance ta, tunda ba kowa a sama.

Washegari na fito ba rediyo. Yana zaune a ƙofar shago da ƙararrawarsa a cinya. Ya ce, "Yi mu ji." Na yi. Ya ce, "Wannan na hawa na biyu ne. Ki ɗauka na sake faɗuwa." Na sake yi. Ya kaɗa ƙararrawa. Ban san me ake yi ba, na tsaya ina kallonsa, sai ya ce, "Amsa mana! Ba ta koya miki ba?" Shi ya koya mini guntun kiran.

Ba duka igiyoyin ne suka dawo ba. Waɗansu sun ce na tsohuwa ya fi daɗi, benen kusurwa kuma har yanzu muna raba shi da mai keke. Amma kwando yana ƙarewa, jiya har daga hawa na biyar aka sako jaka. Thiri tana nan a makarantarta.

Na karanta masa takardarki, har wurin kifi da ɗiga ruwa. Ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya juya fuska bango ya daɗe. Ya ce in gaya miki ladan ya iso, ya karɓa, ba zai mayar ba.

Ga kaset ɗinki na ba direba. Ki yi haƙuri, mun ɗauki wani abu a bayansa. Ki juya ki saurara.

Taki,
Nwe

Pakokku

Nwe 'yata,

Lafiya lau nake, rabon da in ji ni haka tun ina Yangon. Gwiwoyin ma yau ban bi ta kansu ba. Ki shafa mini kan Thiri.

Ke kam Bogale ba su koya miki gama zance ba. Na yi asarar kifi mai kyau a kan mutumin da yake zaune yana shan shayi. Babban sufi da na je na gaya masa, cewa ya yi ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙarar ba.

Na juya kaset ɗin. Na ji motoci, na ji cokulan Ko Myint, na ji karen nan. Sai na ji wata mace ta ja "pe" tun daga ciki. Kina saurin sakin "byok" ɗin, ki ƙara riƙe shi kaɗan. Ban da wannan ba ni da gyara. Ba irin nawa ba ne, kar ma ki nemi ya zama. Kwandon da layin naki ne, na daina cewa aro.

Bayan kiranki sai na ji shiru, na ɗauka ya ƙare, har ɗana ya kai hannu zai kashe. Sai ga ƙararrawa. Kun bar wurin amsar ba kowa, na san da gangan kuka yi.

Ki gaya wa tsohon nan na amsa. Ina zaune a tsakar gida na saki "Byok!" ɗin da sai da kaji suka watse, maƙwabciyar nan ta sake fitowa da kwanonta. Ki ce masa na ji, tun daga nan na ji.

Innarki,
Sein Pu